Sallar Rana

Bani Malik, Jidda
Watan Rajab

Yaya Zaharadden,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Anti Mansura da yara, musamman Sauda ƙarama mai surutu. Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, zafi ya ragu, da yamma har iska mai daɗi tana shigowa daga teku.

Na bi shawararka na koma rubutu. Gaskiyarka ne, a waya da zarar magana ta yi nauyi sai bakina ya gudu zuwa Larabci, kai kuma Larabcinka na littafi ne, ka riƙa amsa mini kamar limamin Juma'a. To ga Hausar bokon da Baba ya koya mini, Allah ya jiƙan Malam Isha'aku. In ka ga kuskure ka kau da kai, ni ba ɗalibarka ba ce.

Maganar Umma ce ta sa na ɗauki alƙalami. Jikinta da ƙarfi, tana ci, tana tashi da kanta. Kanta ne ya fara rikicewa. Kwanan baya na dawo daga shagon abaya a Sharafiyya na tarar ta ɗora tukunya a wuta babu ko ruwa a ciki, tana zaune tana jiran ta tafasa. Na kai ta asibiti, likita ya duba ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ya ce abin jiya da shekaranjiya ne ke fara tafiya, na tun da can shi ke daɗewa. Ya ce duk wanda ya kamata ta gani a kawo shi yanzu, tun tana gane mutane.

Salla ce kaɗai ba ta kuɓuce mata ba. Kafin ladan ya buɗe baki ta riga ta kira ni, "Wejdan, an yi sallar rana?" Har yau da Hausarta ta ƙauye take, sallar rana da sallar dare. Asuba da la'asar da magariba ne kawai take kira kamar kowa. Ta tsufa a Jidda amma ko "zuhur" ba ta koya ba, kullum sai na tsokane ta.

Yaya, ka zo. Bizar umra ba ta da wuya yanzu, ɗakin Baba yana nan na share shi. Ina jin tsoro, kuma ni kaɗai ce a nan da ita.

Anti Mansura ta ce mini ka dulmuya cikin wani rubutu kan Girkawa da Sinawa, ko abinci sai an yi da kai. Me ya haɗa ka da su? Ni Sinawan da na sani su ne masu aiko mana da yadi.

Ƙanwarka,
Wejdan


Zariya
Ƙarshen Rajab

Ƙanwata Wejdan,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta, hankalina ya tashi. Allah ya ba Umma sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri. Mansura da yara suna gaishe ku. Bayan yana nan, ni da shi mun saba. Hausarki kuwa ta fi ta rabin ɗalibaina, kada ki ji komai.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce mai sauƙi. An ba ni in gabatar da takarda a jami'a kan mutanen dā na Girka da na Sin. Ba su san da juna ba, amma kusan zamani ɗaya suka yi ta juya tambayoyi biyu: me ke riƙe jama'a wuri ɗaya, kuma ta yaya mutum zai tabbata ya san abin da yake zaton ya sani. Girkawa a kasuwa suka yi nasu. Akwai wani tsoho a cikinsu mai tare mutane a hanya. In ka ce wane jarumi ne, sai ya ce to mece ce jarumta? In ka kasa faɗa da baki, ka kasa kare ta da hujja, a wajensa ba ka sani ba, zato kake yi. Gari ma haka suka ɗauke shi, doka ce da aka yi gardamarta a fili ke riƙe shi. Masanan Sin kuwa daga cikin gida suka fara. A ganinsu in uba ya yi abin da ya kamaci uba, ɗa ya tsaya a gurbinsa, wa da ƙane suka san iyakarsu, ƙasa za ta zauna lafiya. Ba za su ce ka bayyana musu ma'anar biyayya ba. Za su zuba ido su ga yadda kake miƙa wa tsohonka ruwa. Da kakarmu Iya Sauda ta ji labarinsu, da ta ce 'yan garinmu ne.

Ni dai ɓangaren tsohon nan mai tambaya nake, kuma kin san dalili. Ban gama wayo ba Baba da Umma suka tafi aikin hajji suka bar ni wajen Iya a ƙauye, suka zauna can, aka haife ki. Sau ɗaya na zo Jidda, da gemuna. Kina tuna yadda aka yi? Na durƙusa na gaida Umma, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ga bango. Duk zamana ba ta dube ni ba, ba ta kira ni ba. Abin da kawai na ji daga bakinta shi ne lokacin da ta tambaye ki, "Baƙon nan ya ci abinci?" Baƙo, Wejdan. Na koma gida da kalmar nan.

Na san abin da za ki ce, kunyar ɗan fari. Na san ta, a cikinta na tashi: uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na farko, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Amma sauran 'ya'yan fari suna da abin dubawa. Ta yi musu wanka, ta kwana a kansu da zazzaɓi. Ni ba ni da ko ɗaya. Shirun mai ƙauna da shirun wadda ba ta damu ba, daga waje kamarsu ɗaya. Ta yaya zan bambance?

Ba na so in sake zuwa in zauna ina kallon bayan mayafi. Abu ɗaya nake roƙo. Ki sa ta faɗi sunana sau ɗaya, ki ɗauka a waya ki turo mini. Ranar da na ji, ranar zan nemi biza.

Yayanki,
Zaharadden


Bani Malik
Farkon Sha'aban

Yaya,

Salam. Muna lafiya, Umma ma jiki da dama. A gaida Anti da yara.

Wallahi ka ba ni aiki. Uwarka ba ta da lafiya kai kana kafa mata jarrabawa. Amma tunda haka ka zaɓa, na gwada. Na kunna waya na ɓoye ta a ƙarƙashin matashi, na zauna ina matsa mata ƙafa, na ce, "Umma, Sauda ƙarama 'yar wace ce?"

Ta ce, "'Yar Mansura."

Na ce, "Ubanta fa?"

Ta ce, "Mutumin Zariya."

Na ce, "Ya sunansa? Na manta."

Ta janye ƙafarta ta ce, "Ke yau ba ki da aikin yi ne? Tashi ki ɗora shayi."

Na sake gwadawa ta wata hanyar, ta ce kaina ke ciwo ko nata. Ka ga dai mai mantuwar ta fi ni wayo.

Abin dariya kuma ya faru jiya. Ka san Larabawan nan da sunan babban ɗa namiji suke kiran mace, girma ne a wajensu. Umma kuwa duk Bani Malik Ummu Wejdan ake ce mata. Maƙwabciyarmu Ummu Nayef ta shigo da kofi, ta ga hotonka a wayata, ta ce wane ne. Na ce yayana ne, malamin jami'a. Matar nan ta dafa ƙirji ta ce wa Umma, "Ya Hajja, kina da walad, ɗa namiji kamar wannan, kika bari muna kiranki da sunan mace? Esh ismu? Ya sunansa?" Umma ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane ta ce, "Ma adri." Wai ba ta sani ba! Ummu Nayef ta dube ni da tausayi, ta ɗauka ciwon ne. Ni kuwa dariya ta kusa kashe ni.

Na karanta bayaninka har sau biyu. Tsohon naka na kasuwa, ya taɓa sayar da wani abu kuwa? Ni a shago na lura, matar da ta cika yabon abaya ba saya za ta yi ba. Mai so da gaske sai ta shafa yadin ta wuce kamar ba ta gani ba, ta zaga ta dawo ta sake shafawa. Da zan tare ta in ce sai ta faɗa mini da baki, da na kore ta. Ina ganin ni Basiniya ce ban sani ba.

Ka bar maganar nan, Yaya, ka zo haka nan. Yanzu ma ta kira ni, wai an yi sallar rana, bari in je in ɗora mata ruwan alwala.

Wejdan


Bani Malik
Tsakiyar Ramadan

Yaya Zaharadden,

Barka da shan ruwa. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru. Sha'aban ya wuce ba takarda, ina kiranka ba ka ɗauka, Anti Mansura tana ta yi mini kwana-kwana wai aiki ya yi maka yawa.

Na koma na karanta abin da na rubuto maka, sai na ga inda na yi ɓarna. "Ma adri" ce, ko? Ni labarin dariya na ba ka. Da ka ga yadda take murza bakin zanen nan da ba ka ɗauke shi haka ba. Ka yi haƙuri, hannuna ya fi hankalina sauri.

Umma ta ƙara nisa. Ta fita sayen burodi ta kasa gane hanyar gida, mai tanda na bakin titi ne ya rako ta. Wani lokaci tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Likita ya hana ta azumi, ta yi ta kuka kamar yarinya. Na rage zuwa shago.

Ba na fushi da kai, amma na gaji, kuma raina ya ɓaci. Ka rubuto ko layi ɗaya.

Wejdan


Zariya
Bayan ƙaramar salla

Wejdan ƙanwata,

Salam. Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Ki yafe mini shirun, ban kyauta miki ba, ke da ke ɗauke da kayan mu biyu.

E, kalmar nan ce. Na san ba da mugunta kika rubuta ba. Amma ki tsaya a inda nake ki karanta. An tambayi uwata sunana a gaban baƙuwa ta ce ba ta sani ba, kuma unguwa guda ba ta ma san an haife ni ba. Akwai wani masanin Girka da ya zana garin da ya fi kowane adalci a tunaninsa. A garin nan da an haifi yaro sai a kai shi gidan reno na kowa da kowa, don kada wata uwa ta gane nata, duka su zama 'ya'yan gari. Na daɗe ina koyar da wannan a matsayin tunanin da ba a taɓa gwadawa ba. Da na karanta takardarki sai na ji kamar a kaina aka gwada.

Na koma aji da wannan nauyin, sai na ci karo da wani abu a ɓangaren Sinawa da ban taɓa ba shi muhimmanci ba. Su ma suna da kunyar suna, amma tasu sama take kallo: ɗa ba ya faɗin sunan ubansa, talaka ba ya faɗin na sarki. Kin san rubutunsu zane-zane ne, kowace kalma da 'yan layukanta. To in magatakarda yana kwafar littafi ya iso kan kalmar da ke cikin sunan mahaifinsa, sai ya bar layi ɗaya bai ja ba, ko ya kewaye ta ya sa wata mai ma'ana kusa. Har yau masu binciken tsofaffin takardu suna gane zamanin da aka rubuta littafi ta wurin abin da aka ƙi rubutawa.

Da na faɗi haka wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yaya za a bambance wanda ya bar layin don girmamawa da wanda mantawa ya yi?" Kin ji tambayata a bakin wata. Na ce mai mantuwa yau ya manta nan, gobe can. Mai girmamawa kuwa wuri ɗaya yake bari, kullum, ba ya kuskure. Suka rubuta, suka ji daɗin amsar. Ni na fito ban ji daɗin komai ba, don mai binciken yana da littafi guda a gabansa da zai bi shafi-shafi. Ni 'yan kwanaki kawai na yi kusa da Umma a duk rayuwata. Ina zan ga wurin da take bari?

Maganar abayarki ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma ke kina ganin hannun yana shafa yadin. Ni labari ake ba ni.

Jarrabawa ta matso, ga takardun yara jibge. In na gama dubawa zan duba maganar tafiya, wataƙila bayan alhazai sun watse. Kafin nan ki ƙara gwadawa, don Allah. Na san abin yana kama da taurin kai. Ina jin kunyar roƙon, amma ban iya dainawa ba.

Ki gaishe ta. Ki ce mutumin Zariya.

Zaharadden


Bani Malik
Watan Muharram

Yaya! Albishirinka!

Gaisuwa daga baya, yau ba ni da haƙurinta. Kowa lafiya.

Ta faɗa! Wallahi ta faɗa, ban ma roƙe ta ba. Jiya da hantsi ina tsefe mata kai, wayata tana kan cinyarta, sai hotonka ya fito, wanda ka sa babbar riga a ɗaurin auren nan. Ta ɗauka ta kawo kusa da ido ta ce, "Wannan ai Zaharadden ne." Na ce, "Wa, Umma?" Ta ce, "Zaharadden mana. Yaro ne mai kuka." Tana murmushi, babu rufe fuska, babu komai. Nan da nan na kunna waya na ce ta maimaita, ta maimaita har da dariya. Na turo maka, ka duba.

Ni ina ganin sabon maganin da likita ya ba ta ne ya fara aiki. Kwanan nan ta sake sosai, tana hira da kowa, har Ummu Nayef ta ba labarin ƙauye da Hausa, ita kuwa tana ta gyaɗa kai. Hausarta ma ta gyaru, in gaya maka. Da ladan ya kira sai ta ce, "An yi azahar." Na ce, "Iye, Umma, yau an waye!" Da daddare ma isha'i ta ce, tsaf kamar a rediyo. Sallar rana da sallar dare sun tafi hutu.

Halas, shi ke nan, ba ka da sauran hujja, kai da tsohonka na kasuwa. Ka samu abin da ka nema, da baki, a fili. Alhazai sun watse, gari ya yi sarari. Yalla, maza ka nemi biza. Ka taho mini da kuka da daddawa, na nan ba su da ƙamshi.

Ƙanwarka mai farin ciki,
Wejdan


Zariya
Muharram

Wejdan,

Salam. Muna lafiya. Na gode da wahalar da kika sha.

Na saurari muryar sau ɗaya, ban iya sakewa ba. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Babu ƙauyen da ake cewa sallar rana. A ƙauyen nan na girma, Iya Sauda azahar take cewa, kowa ma haka. Ki faɗi azahar a hankali, sannan ki faɗi sunana. Ki faɗi isha'i, sannan ki faɗi sunan Baba. Sallar dare ta Malam Isha'aku ce, don mace ba ta faɗin sunan mijinta. Sallar rana tawa ce.

Tun kafin a haife ki, kowace rana in ladan ya kira, sai ta iso kan sunana ta kewaye shi. Wuri ɗaya, kullum, ba ta taɓa kuskure ba, har bayan ta fara manta hanyar gidanta. Kin rubuto mini wannan tun a takardarki ta farko, kin sake a ta biyu. Na karanta na wuce, ni da na tsaya gaban aji ina koya wa yara yadda ake neman layin da aka bari.

Ba magani ba ne, ƙanwata. Ba ta jin kunyata yanzu saboda ba ta san ni ne ɗanta na fari ba. Ta san wani yaro mai kuka da ake kira Zaharadden, shi ke nan. Tsohona na Girka zai ce yanzu ne ta sani, tunda ta faɗa da baki. Ni na ji muryar, na san ranar ce sanin ya bar ta.

Kada ki zargi kanki. A Jidda kika tashi, inda ake yi wa uwa ado da sunan ɗanta, ba yadda za a yi ki gane. Ni ne ya kamata in gane.

Kada ki sake sa ta faɗa. Na kai fasfo, da an buga zan taso. Mansura tana haɗa miki kuka da daddawar.

Yayanki


Zariya
Watan Safar

Ƙanwata Wejdan,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, na tarar da kowa lafiya. Sauda ta sa abayar da kika ba ta ta ƙi cirewa, har barci a cikinta take yi. Ina gaida Ummu Nayef, ki ce na gode da kofi. Yaya jikin Umma? Yaya naki, ke da ba mai tambaya?

A can ban iya yi miki magana sosai ba, kin ga yadda na zama. Bari in rubuta.

Duk abin da na shekara ina nema na same shi a ranar farko. Ta dube ni ido cikin ido, ta kama hannuna ta riƙe, hannun da ban taɓa sanin taushinsa ba. Kina kicin lokacin da ta ce, "Zaharadden, daga ina?" Na ce daga Zariya. Ta ce, "Da nisa. Kana da uwa?" Na ce ina da ita. Ta ce, "To ka riƙa zuwa gaishe ta, ka ji? Uwa ba ta faɗa, amma tana so." Na ce to. Na fita na tsaya a matakala har kika zo kika same ni, na ce miki zafi ne ya dame ni.

Haka muka yi kwanakin nan. Ta ba ni dabino da hannunta, ta ba ni labarin rijiyar gidan Iya, ta kira sunana safe da yamma kamar na ɗan maƙwabta. Kowane kira sai na ji kamar an sake yi mini rasuwa. Na yi ɗawafi ina roƙon abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba, wato ta daina.

Takardar tawa na gabatar da ita shekaranjiya. Na faɗi abin da Girkawa suka ce da abin da Sinawa suka ce, aka tafa. Wani abokin aiki ya tambaye ni wa ya fi gaskiya. Na ce na farko sun koya mini in yi tambaya, kuma ba zan daina ba, amma ba su gaya mini cewa wata amsar ba ta zuwa ta baki ba, sai ka zauna kusa da mutum ka daɗe. Ya ce wannan ba amsar masani ba ce. Na ce haka ne.

Saura abu ɗaya. Ranar da zan taso, kina durƙushe kina ɗaure mini jaka, kin ba Umma baya. Ladan ya kira. Ina tsaye bakin ƙofa, ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sai na ga wani abu ya dawo cikin idonta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ga bango. Ta ce, "Wejdan, an yi sallar rana?" Kika ce an yi, ba ki ko ɗago ba. Sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Baƙon nan ya ci abinci?" Kika ce ya ci, kika ci gaba da ɗaurinki. Mai mota yana ta danna oda a ƙasa. Na so in durƙusa in yi mata sallama da baki, na ga in na yi magana zan ɓata mata, sai na durƙusa kawai na tashi.

Ban san ko zai sake dawo mata ba, likita ya ce kada mu sa rai. Zan dawo hutun da ke tafe in Allah ya kai mu, in karɓe ki ki huta, ko ta gane ni ko ba ta gane ba. Kafin nan, in ta sake tambaya, ki ce mata ya ci, ya ƙoshi. Kada ki ambaci sunan a gabanta.

Yayanki,
mutumin Zariya